Ko Ta Shiga Motar?

Zuwa ga ƙanena Aku,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da muryoyinka duka. Ya aiki, ya haƙuri da garin mutane? Mu nan alhamdu lillahi. Inna jiki da sauƙi, irin sauƙin nan da ka sani: ɓarin dama yana nan yadda ka bar shi, hannun ba ya ɗaguwa, magana kuma sai an kasa kunne an yi haƙuri. Gyambon da kwanciya ta jawo mata a baya dai ya fara kamewa. Ni kuwa ƙugu ne ya fara ba ni labari, saboda ɗagawa da juyawa. Da na ce mata Aku ne ya yo aike, sai da ta yi dariya da rabin bakinta, ta ce har yanzu kana nan kana kwaikwayon mutane? Na ce ai yanzu ma biyansa ake yi.

Kada ka ce me ya hana ni kiran waya. Ka san ɗakinmu, labule ne kawai tsakanin gadonta da katifata, kuma akwai maganar da ba na so in yi a kanta. Shi ya sa na rubuta na ba direban da ke kawo kaya kantin maganin bakin layinmu, tunda yana bi ta unguwarku.

Fina-finan da kuka fassara sun iso, mun gode. Da rana muke kallo, in na gama yi mata wanka na shanya kayan shimfiɗa, in kuma an bar mana wuta. Na faɗace-faɗacen ba su dame ni ba. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne na matar mai gyaran agogo, wadda mijinta ya makance, hannunsa ya kama rawa, ta yi shekaru tana jinyarsa a ɗan ɗakin bayan shago. Na gane muryarka a bakin tsohon tun tarin farko.

Ƙarshensa nake so ka warware mini. Ta tashi da safe ta ba shi abin kari, ta haɗa 'yar jaka, ta ja ƙofa, ta je ta zauna a bencin jiran mota. Doguwar motar ta zo ta tsaya ta tare mana ita gaba ɗaya. Sai muka ji muryarta daga bayan motar tana cewa, "Ina zan je in bar shi?" Motar ta fara motsi, kafin mu ga ko bencin da mutum ko babu, allo ya yi baƙi, sunaye suka hau gudu.

To, ta shiga ko ba ta shiga ba? In ba za ta shiga ba, me ya kai ta haɗa jaka? In kuma ta shiga, wa take tambaya? Na maimaita wurin har na'urar ta yi zafi. Kai da ka zauna da fim ɗin kafin kowa, ka faɗa mini abin da matar nan take nufi, don na kasa ajiye ta.

Wata takarda ma ta zo mini daga makarantar nan da na taɓa yi maka zancenta. Sai wani jiƙon za mu yi maganar. Inna ta farka, bari in je.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai dai maƙogwaro. Ki gaishe mini da Inna da kyau, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ƙugun nan kuma kada ki yi wasa da shi, ke da kike ba mutane shawarar magani kyauta tun muna yara.

Na yi dariya da na ga tambayarki. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, amma ban san kin gaji bin diddigin tsohuwar nan ba sai yau. Mutum ya yi wata da watanni bai ji daga yayarsa ba, ran da takarda ta zo kuma sai ta zo neman labarin matar mai agogo!

Bari in ba ki labarin inda nake wuni, ko kya tausaya mini. Ɗaki ne kamar akurki a bayan shagon sayar da waya. An manne bangon da kwalayen ƙwai don kada ƙarar titi ta shigo. Fanka sai an kashe ta in za a ɗauki murya, don haka gumi har cikin kunne. Makirufo ɗaya ne, ni da wata baiwar Allah mai yin muryoyin mata muke karɓa-karɓa. Jiya kaɗai na zama sarki, na zama ɓarawon da ya sace dokin sarkin, na kuma zama alƙalin da ya ɗaure ɓarawon. In na fito na rasa wace ce muryata, har mai shayi ya ce in daina yi masa magana kamar ɗan sanda. Maigidanmu kuma ba ya sanin an gaji. Kafin a gama wannan fim ya ajiye wani a kan tebur.

Shi ya sa in gaya miki gaskiya, matar mai agogo ta riga ta bi sahun sauran a kaina. Amma amsar ai a fili take. Ba ta shiga ba. Ba da bakinta kika ji ba? Jakar kuwa, wa bai taɓa haɗa jaka a zuciyarsa ba? Ni kullum da yamma sai na haɗa tawa, da safe in kwance ta in koma akurki. Ta fita ta sha iska, ta tuna wanda ta baro a ɗaki, ta koma. Haka masu kallo suke so, kuma haka ya dace. Wanda ya ɗauki jinya ai ba ya sauke ta a rabin hanya, sai dai in dama can ba don Allah ya ɗauka ba.

Ki bar wahalar da na'urarki a kan wuri ɗaya. Akwai wani na ban dariya da muke gamawa, na wani mai aski da ya zama jakada bisa kuskure, zan ba direban in ya sake biyowa. Inna za ta so shi.

Wace makaranta kuma? Ba dai ta koyon ɗinki da matan layinku suke zuwa ba? In ita ce, ki fara da rigata.

Ƙanenki,
Aku

*

Aku,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Inna ta yi zazzaɓi kwana biyu, ya sauka. Allah ya ba ka lafiyar maƙogwaro.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin famfo, na sake karanta ta a zaune. Layin nan naka na wanda ya ɗauki jinya, na ji shi, ya kuma shiga inda ka aika shi. Ban san dai kai ma kana cikin masu yi mini hannunka mai sanda ba.

Ba ta ɗinki ba ce. Makarantar koyon aikin ungozoma ce, wadda na bari a shekarar farko ran da Inna ta faɗi a bakin murhu. Na faɗa maka wannan a bikin ƙanwarka, kana ta kwaikwayon mai ɗaukar hoto ba ka ji ba. Bara na sake nema a ɓoye, ban sa rai ba. Sun ɗauke ni. Suna da iyakar shekaru, kuma bana ce ta ƙarshe da za su karɓi mai shekaruna. Garin da nisa, kwana ake yi a hanya, kuma a can ake zama. Suna son amsa kafin ƙarshen watan nan.

Babban Yaya ya ce in tafi, zai ɗauke Inna zuwa gidansa. Matarsa ma ta ce ta yarda, kuma ba na zargin ta da komai, mutuniyar kirki ce. Sai dai gidansu a saman bene yake, yaranta ƙanana ne, ba ta kuma san cewa in Inna ta ɗaga gira ɗaya ruwa take so, in ta ɗaga biyu fitsari ne ba. Ni na sani. Ni kaɗai na sani, kuma wallahi na gaji da zama wadda ta sani. Na faɗa maka wannan ne don takarda ba ta da fuska.

Yanzu ka gane abin da ya sa na addabe ka da matar mai agogo. Kuma ban yarda da fassararka duka ba. Mai fita shan iska ba ta sa takalmin da ta ɓoye a akwati tun farkon fim. Ba ta kai wa maƙwabciya tukunyar furenta. Ka duba yadda ta ja ƙofar a hankali, kamar mai tsoron kada ƙofar ta kira sunanta. Duk jikinta tafiya yake yi. Maganar nan ta ƙarshe ce kaɗai ta tsaya mini a hanya kamar gungume. In mace ta jure duk wannan, ta kai har bakin mota, sannan ta ce ina za ta je ta bar shi, ni wace ce da zan ce na fi ta gajiya?

Abu ɗaya nake roƙo, kuma ka bar wasa. Kai ka ji fim ɗin da harshensu. Haka ta faɗa daidai? Da wace irin murya ta faɗa, ta mai tambaya ko ta wadda ta riga ta yanke? Ka ba direban amsa a wannan zuwan, kada ka bari sai na gaba.

Yayarka

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ina fata zazzaɓin Inna bai dawo ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kunya da ta hana ni cin abinci tun jiya.

Takardarki jiya ta zo hannuna. Motar direban ce ta lalace a hanya, shi kuma ya ji ciwo a ƙafa, aka ja ta gareji, ya tafi jinya ya bar takardar a aljihun gaban mota. Da baƙin mai a jikinta ya kawo mini. Na duba kwanan wata, na ga ta makara. Na kira wayarki ta ƙi shiga, na kira ta Babban Yaya ya ce kin ce kada a tayar da maganar. Shi ya sa na ba wani mai zuwa wajenku wannan, na ce ya sa miki a hannu.

Yaya, matar nan ba ta ce komai ba. A fim ɗinsu babu magana a wurin ko ɗaya. Ƙarar inji ce kawai, da ƙofar mota da ta buɗe ta rufe. Maganar da kika ji, ni na rubuta ta a bayan kwalin shayi, abokiyar aikina ta faɗe ta.

Haka muke aiki, ban taɓa ɗaukar sa a bakin komai ba. Maigidanmu ba ya yarda a bar shiru a fim. Ya ce in wuri ya yi shiru, masu saye suna dawowa su ce an ba su mai matsala, ko an yanke musu ƙarshe. Don haka duk inda ɗan wasa ya juya baya, ko wani abu ya tare bakinsa, sai mu cusa magana. Mun sa dawakai sun yi gaisuwa, mun sa gawa ta yi wasiyya daga cikin akwati. Da muka zo wurin motar nan ya ce, "Ba za a sayi wannan ba, ku sa ta faɗi wani abu." Na rubuta biyu. Ɗaya ita ce wadda kika ji. Ɗayar kuma, "Na yi iyakar yina." Aka ɗauki duka biyun, ya saurara yana cin gyaɗa, ya ce a sa ta farko, ta fi sa mata kuka. Ko minti biyar ba a yi ana shawarar ba.

Layin jinyar da ya soke ki kuma, wallahi ba da ke nake ba. Maganar maigidanmu ce ta ranar, na kwaso ta na zuba miki yadda na saba kwaso maganar kowa. Ba banza kuka sa mini Aku ba. Da na tsaya na karanta ƙarshen takardarki ta farko da idon mutum, da na tambaye ki wace makaranta kafin in buɗe baki.

Kin tambaye ni me take nufi. Jiya bayan an tashi na nemo na asalin na kalla ni kaɗai, da fanka a kunne. Ban sani ba, Yaya. Wanda ya yi fim ɗin da gangan ya sa motar ta tare ta, don kada kowa ya yanke mata hukunci, mu kuma muka zo muka yanke. Amma takalmin da tukunyar furen, kin fi ni gani. In kuma ta shiga, ban ga inda ta zama muguwa ba. Shekarun da ta yi a bayan shagon nan ba su goge don ta hau mota.

Ki tafi makarantarki. Na san mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma Inna ta haifi Babban Yaya kamar yadda ta haife ki, matarsa kuma za ta koyi girar kamar yadda kika koya. Ni ma zan riƙa zuwa ina ɗaukar ta a sauko da ita ta sha rana. In wata bai ƙare musu ba, ki aika yau. In ya ƙare, ki je da ƙafarki ki roƙe su.

Ki yafe mini.

Aku

*

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inna tana cin abinci sosai kwanan nan, gyambon ya warke sai tabo. Ƙugun nawa yana nan, mun saba da juna. Kai ma ka ci abinci, kunya ba ta cika ciki.

Takardarka ta zo, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Na jira direban har ranar ƙarshe, da bai zo ba na ɗauka shirunka ma amsa ce. Na aika musu cewa ba zan samu zuwa ba. Da taka ta iso na bi shawararka, na bar Inna da matar Babban Yaya na wuni guda na je ofishinsu na nan kusa. Wata mata mai tabarau ta saurare ni har ƙarshe, ta ba ni ruwa, ta ce an riga an ba wadda ke bayana gurbin, yarinyar ma har ta tare. Ta ce in sake nema baɗi. Da ta duba shekaruna sai ta yi shiru, ni ma na taya ta.

Na yafe maka, kuma kada ka ɗora wa kanka abin da ya fi ƙarfinka. Ni ba yarinya ba ce da maganar bayan kwalin shayi za ta juya ni. Tsoro nake ji tun farko, ina neman wanda zai ce mini zauna, sai na samu a bakin matar mai agogo. Da ka sa ɗaya maganar, wataƙila da na nemi wani dalilin. Wataƙila kuma da yanzu ina can. Wannan ma motar ta tare mana, ba za mu gani ba. Na ji haushinka kwana biyu, na ji haushin maigidanku da gyaɗarsa, daga baya na rasa ƙarfin jin haushin ma.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau daban ne. Shekaranjiya da rana Inna ta nuna na'urar da haɓarta, ta ce in sa mata na mai agogo. Ban so ba, amma na sa, na zauna ina ninke kayan shanya ina ba allon baya. Da aka zo wurin motar, allo ya yi baƙi, sai na ji ta ce, "Ta tafi."

Na ce, "Inna, ba ki ji abin da ta ce ba?"

Ta ce, "Baki ai... yana faɗin abin da ya ga dama. Mayar baya."

Na mayar. Ta ce in ƙara, na ƙara, har muka kai daren da ya gabaci tafiyar, inda matar ta zaunar da tsohon a bakin gado. Ni da kai duk mun wuce wurin nan ba mu gan shi ba. Farce take yanke masa. Ta gama na hannu, ta durƙusa ta ɗora ƙafarsa a cinyarta ta yanke na ƙafa, ta bi kowanne ta goge kaifinsa.

Inna ta ce, "Kin gani? Mai dawowa gobe... ba ta bin na ƙafa haka. Shi ma ya sani. Dubi fuskarsa."

Na duba. Tsohon ya juya kansa wajen bango, bakinsa yana motsi, bai ce komai ba. Ko ku ba ku sa masa magana a wurin ba.

Sai ta daɗe tana tattaro kalmomi, ka san yadda take yi, ina jira da zanen gado a hannuna. Aku, a makon da nake ta kai-kawo a kan amsar nan, akwai safiyar da na yanke mata farce har na ƙafa, na wanke mata kai, na kira matar Babban Yaya na nuna mata yadda ake juya ta ba a fama kafaɗar ba. Ban gaya wa Inna komai ba. A zatona ban nuna komai ba.

Ta ce, "Ran da kika yi mini nawa, na ce to, yarinya ta shirya. Na yi kukana... na gama tun ranar. Na sa miki albarka a cikina. Kullum ina jira ki zo ki yi sallama." Ta numfasa, ta dube ni da idonta mai kyau ɗin. "Sai na ga kina nan. Me ya zaunar da ke?"

Lokacin juya ta ya yi, sai na ajiye zanen na tashi na juya ta.

Ka gaida abokiyar aikinka, ka ce muryarta tana da daɗi.

Yayarka